Majanyi a Ramin Kura

Da sunan Allah nake farawa, wanda Ya halicci mai tafiya da ƙafa biyu da mai tafiya da huɗu, Ya kuma ɗauki nauyin ciyar da su duka.

Abin da zan ba ku labari ya faru ne a shekarar da aka kulle gari saboda annobar korona, shekarar da muka ga masallacin Juma'a a rufe da idanunmu, aka tare hanyoyi, kasuwar Shuwarin ta koma fili. Ku samarin da Alhaji mai gidan nan ya ɗauko ku taya mu aikin Babbar Sallah, a lokacin yara ne ku. Jiya na ji ɗayanku a bakin ƙofa yana cewa wai aikin gidan zu ai zaman inuwa ne, a yagi tikiti, a jefa wa biri gyaɗa. Na koma gida na rubuta wannan da ajami, don shi na iya, jikata ta juya muku shi zuwa boko. Sunana Isuhu. Ni ne mai kula da dabbobin gidan nan tun ranar da aka buɗe shi.

Kun dai ga gidan, ba wani babba ba ne. Fili ne a gefen hanyar Kiyawa, tsakanin duwatsu, wanda Alhaji ya katange saboda son dabbobi. Akwai birai, da gwaggon biri guda mai baƙin hali, da jimina, da kada a kududdufin siminti, da beguwa, da kunkuru da ya girme ku duka. Sai kura. Mutanen ƙauye ba don ɗawisu suke biyan kuɗin mota ba. Kura suke zuwa gani.

Aikin farko da safe shara ce, kuma ba don tsafta kaɗai ake yin ta ba. Tsintsiya mai dogon hannu, da shebur, da baro, su ne kayan aikinka. Kafin ka kwashe kashin dabba sai ka tsuguna ka dube shi. A nan za ka san wanda cikinsa ya ɓaci, da wanda ya haɗiyi ledar da 'yan kallo suka jefa masa, da wanda bai ci komai ba. Jimina tana iya haɗiye murfin kwalba ta yi ta yawonta kamar ba komai, sai ka wayi gari ka same ta a miƙe. Dabba ba ta cewa ga inda yake yi mata ciwo. Wanda ya yi shara yana latsa waya, to ƙasa kawai ya share.

Aiki na biyu ƙofa ce. Kowane keji ƙofa biyu gare shi, ba a buɗe ta ciki sai an rufe ta waje. Idan ka danna kwaɗo, ka ja shi da hannunka ka ji ya riƙe. Ko da ka ji ƙarar shigarsa, ka ja shi. Biri yana kallon hannunka kullum, kuma ba shi da wani aiki sai wannan kallon.

Ni ba a gidan zu na koyi dabba ba. Bayan na sauke Alƙur'ani a zauren mahaifina, Allah Ya jiƙansa, sai na bi wani gardi mai wasa da kura, Baba Ɗanjuma. Mahaifina bai so ba, amma bai hana ni ba. Shekaru muka yi muna zaga kasuwanni, daga Kiyawa zuwa Jahun har ƙasar Haɗeja. Farkon zuwana ko igiyar kura bai bar ni na taɓa ba. Ƙashi nake nemowa a kwata, in wanke sarƙa, in saƙa takunkumi, wato ragar igiyar da ake ɗaure wa kura a baki. Sai in gama saƙa, ya sa yatsa ya ja, ya ce in warware in sake.

A kasuwa mata suna kawo yaran da suka daɗe ba su yi tafiya ba, a ɗora su a bayan kura. An yarda cewa yaron da ya hau kura zai taka, kuma ba zai yi tsoro ba. Ni ban taɓa ganin wannan a littafi ba, Allah ne masani. Abin da na sani shi ne abin da masu kallo ba sa gani. Kurar nan an cika mata ciki tun da asuba. Bakinta a ɗaure yake. Mutum ɗaya na riƙe da sarƙa, wani na tsaye a kanta da kulki, shi kuwa Baba Ɗanjuma hannunsa bai taɓa barin hammatar yaron ba. Uwa dai abin da take gani ɗanta ne a bayan kura, ana kiɗa. Sai ta koma gida da labarin cewa kura tana yarda a hau ta.

Abu ɗaya Baba Ɗanjuma ya nanata mini har na haddace. Ya ce idan kura ta kama abu, duka ba ya sa ta saki, sai dai ta ƙara datsewa. Abin da yake sa ta buɗe baki shi ne ta ga wani abin da ya fi wanda ta kama, mai motsi, mai kuka.

Kurar gidan nan Ladi muke ce mata, don ranar Lahadi aka kawo ta. Ramin da take ciki tsohon wurin fasa dutse ne. Daga waje katangar iya ƙirji take, daga ciki kuwa zurfin ya kusa tsayin mutum biyu. A ƙarshen ramin akwai kogo tsakanin duwatsu inda take kai abincinta, a gefe kuma akwai matakala da ƙaramar ƙofar ƙarfe da muke shiga shara. Ragar ƙarfen da kuke gani a saman ramin yanzu, a lokacin babu ita. Muna ganin tunda kura ba za ta iya hawowa ba, an gama magana. Babu wanda ya yi tunanin abin da zai iya sauka.

Neman abinci shi ne aikin da ya fi kowane wuya, kuma a shekarar kulle na san haka. Ba mai shigowa, ba tikiti, dabbobi kuwa ba su san da annoba ba. Mahautan da suke tara mana ƙashi da kayan ciki sun rage yanka. Sai in ɗauki babur in bi ƙauyuka ta hanyar gona ina tambayar ko akwai wanda dabbarsa ta mutu. Wata rana a samu mushen tunkiya, wata rana in dawo da buhu a naɗe. Alhaji ya sayar da ɗawisu biyu don a sayi dusa. Barewarmu ta kwanta ta mutu, muka ba Ladi. Bayan nan abin da take samu bai kai rabin abin da ta saba ba. Ƙasusuwan kwankwasonta suka fito. Ta daina kukan da take yi da magariba, sai dai ta kwanta a gindin katanga inda inuwa take, ta zuba wa ƙofar ƙarfe ido.

Ba mu kaɗai muka ji jiki ba. Akwai Inna Laure, dattijuwar nan da kuke gani tana dama fura a ƙarƙashin darbejiya daga cikin ƙofa. Mijinta ya rasu, 'ya'yanta mata suna gidajen aurensu. Awaki take kiwo da ribar fura. Da aka rufe gidan, ta yi ta sayar da su ɗaya bayan ɗaya tana cin abinci, har ya rage mata jar akuya guda, mai ciki. Da aka buɗe hanya ta dawo da ƙwaryarta, akuyar na biye da ita, don ba ta da wanda za ta bar wa a gida. Ta kafa turke a gindin darbejiya ta ɗaure ta kusa da ita.

Juma'ar farko da muka buɗe, ana saura 'yan makonni layya, mutane suka cika gidan bayan an sauko daga masallaci. An daɗe a kulle, kowa yana son ya fito da yara. Cikin masu zuwa har da wani iyali da suka sauko daga adaidaita sahu, an ce daga wajen Miga suke. Magidancin matashi ne manomi, Sale, da matarsa Hajara, da mahaifiyarsa, da yara uku. Babbar, Rabi, ba ta wuce shekara bakwai ba. Ƙaramin kuwa yana goye a bayan uwarsa, kuma na lura ya yi girma da goyo. Ƙafafunsa a naɗe suke cikin zani.

Ni na zaga da su. Yaran nan ba su taɓa ganin jimina ba. Rabi ta tsaya ta ɗaga kai ta ce mini, "Baba, wannan kazar wa take yi wa ƙwai?"

Na ce, "Ni take yi wa. Guda ɗaya nake soyawa mu ci da duk unguwarmu."

Ta dubi kakarta ta ce, "Iya, ƙarya yake yi ko?"

Kakar ta buge mata baki ta ce ba a ce wa babba haka. Muka yi dariya. A wajen kada ƙanenta ya rantse icce ne, har sai da kadan ya buɗe ido, yaro ya ruga ya shige zanin uwarsa. Na goye kuwa, Nasiru, yana leƙowa ta kafaɗar uwar yana nuna komai da yatsa. Yaro ne mai wayo, bakinsa ya buɗe sarai.

Da muka isa ramin Ladi, tana kwance a gindin katanga, daidai ƙasan inda muke tsaye. Sale ya leƙa ya daɗe yana kallonta. Sannan ya ja ni gefe ya rage murya.

"Baba, ta ina ake hawa?"

"Hawan me?"

"Kurar. Yaron nan ya shiga shekara ta uku bai taka ba. Mun yi rubutu, mun yi turare. Gardawa kuma sun daina zuwa kasuwarmu. Shi ne aka ce mana akwai kura a nan."

Na ce, "Ɗana, ba a hawa a nan."

"Ba kyauta nake so ba, Baba. Na zo da abin da zan bayar."

Tsohuwar ta matso ta ce, "Malam, ka taimaka. Shi kansa wannan da kake gani, sai da aka ɗora shi a kan kura kafin ya taka. Ga shi nan yana noma."

Na yi musu bayani a hankali. Na ce waccan kurar da takunkumi take, da sarƙa, da cikinta a cike, da mutum uku a kanta. Wannan bakinta a sake yake, kuma rabonta da ƙoshi tun kafin azumi. Na ce ko ni da nake ba ta abinci ba na shiga sai da kulki, kuma ba na ba ta baya.

Sale ya ce, "To, na ji, Baba. Allah Ya saka da alheri."

Ku riƙe wannan. Mai gardama ba shi ne abin tsoro ba, don yana gaya maka abin da yake ransa. Wanda ya ce ya ji da wuri, kuma bai matsa daga wurin ba, shi ake tsaya wa.

A daidai lokacin aka ƙwala mini kira daga can ƙarshen gidan. Gwaggon biri ya zuro hannu ya fizge mayafin wata mata, tana ja yana ja. Na tafi. Raba gwaggon biri da abin da ya ƙwata ba a yin sa da ƙarfi, sai an ba shi ayaba ko rake ya saki don kansa. Ina cikin lallashinsa na ji biran keji na kusa sun yi tsit gaba ɗaya. Biri ba ya shiru da rana tsaka. Sannan na ji muryar mace tana salati, irin salatin da ake yi idan an ga gawa.

Da na iso ramin, na tarar da Sale ya kifa cikinsa a kan katanga, hannunsa riƙe da gyale, babu komai a ƙarshensa. Daga baya aka gaya mini yadda ya yi. Ya karɓi yaron daga bayan uwar, ya ɗaura masa majanyin goyon a ƙarƙashin hammata. Da ya ga majanyin ba zai kai ba, sai ya ƙulla shi da gyalen mahaifiyarsa. Nufinsa ya zura yaron a hankali har ya zauna a bayan kurar da take barci, sannan ya janye shi. Majanyi saƙi ne, gyale kuwa mai santsi. Ƙullin ya zame.

Na leƙa. Nasiru yana kwance a kan yashi. Faɗuwarsa ta firgita Ladi ta yi tsalle gefe, amma ta dawo. A kan idona ta sunkuya ta shinshina shi daga ƙafa zuwa kai. Sannan ta kama bakin majanyin da haƙoranta, ta fara ja da baya, tana nufar kogo. Yaron yana biye, kansa yana jan ƙasa.

Mutane suka fara jifa. Duwatsu, takalma, robar ruwa. Kowane jifa ƙara mata sauri yake yi, kuma wani dutsen kusa da kan yaron ya sauka. Na ce su bari, ba wanda ya ji ni. Wani saurayi ya ɗora ƙafa a katanga zai dira, na finciko shi. Kulki yana hannuna, amma na san idan na shiga na dake ta, za ta saki tsumma ta kama nama. Idan kuma ta kai shi kogo, ba mai iya shiga bayanta.

Ba mu da ko tsokar nama a gidan ranar. Ko da akwai, abin da ba ya motsi ba zai raba ta da mai motsi ba.

Na juya na ga jar akuyar Inna Laure a gindin darbejiya tana tuƙa. Na ruga, na zare wuƙa na yanke igiyar, na rungume ta.

Inna ta miƙe da ludayi a hannu. "Malam Isuhu, ina za ka kai ta?"

Na zaga can gefen ramin, nesa da kogo, nesa da ƙofar ƙarfe. Wuƙa tana hannuna, kuma na san dabba tana da haƙƙin a yanka ta kafin a ba da namanta. Amma yankakkiya ba ta kuka. Na yi bisimilla na jefa ta da ranta.

Ta faɗi a kan ƙafar gaba, ƙafar ta karye. Ta tashi tana ɗingishi tana wani irin kuka da ya rufe hayaniyar mutane. Ladi ta tsaya a bakin kogo, majanyi a bakinta. Ta dubi akuyar. Ta dubi abin da take ja. Har masu jifa suka tsaya. Sai ta buɗe baki.

Na sauka ta matakala, na buɗe ƙofar ƙarfe. Ban yi gudu ba, don gudu kiran kura ne. Ban kuma dubi abin da take yi wa akuyar ba, kunnena ya ishe ni. Na ɗauki yaron, majanyin ya zame daga jikinsa ya rage a kan yashi. Bai yi kuka ba, bakinsa cike da yashi, idonsa a buɗe. Ya damƙe gemuna da hannu biyu. Na fita da baya da baya, na rufe ƙofa, na danna kwaɗo, na ja shi.

A sama na tarar da Hajara a zube a ƙasa, mata suna yayyafa mata ruwa. Rabi tana tsaye a kan dutse tana leƙen ramin, ba ta ko ƙifta ido, sai da na sa hannu na juyar da fuskarta. Maza sun yi wa Sale zobe, wani ya riga ya mare shi, hularsa tana ƙasa. Ya ratso su ya zo gabana. Na ɗauka ɗansa zai karɓa. Sai ya ce, "Baba, don Allah, jikinsa ya taɓa bayanta kuwa?"

Inna Laure ce ta karɓi yaron daga hannuna. Ta zauna a kujerarta, ta wanke masa baki da ruwan randa, ta duba kansa, ƙujewa ce kawai. Sannan ta warware zanin da aka naɗe masa ƙafafu. Tafin ƙafafun a lanƙwashe suke, suna kallon juna. Ta sa aka taso da Hajara.

"Ke 'yar nan, haka aka haife shi?"

"Haka aka haife shi, Inna."

"Shi ne kuke ɓoyewa a zani? Jikan ƙanwata a Takur haka ya zo. Asibiti aka yi ta kai shi ana ɗaure ƙafar da farin siminti, yanzu ƙwallo yake bugawa. Wannan ko zaki ya hau, da me zai taka?"

Ta ɗago ta dubi Sale. "Kai kuma, ya sunanka?"

"Sale, Inna."

"Sale, akuyar can da ake ci tawa ce. Ita kaɗai ta rage mini. Kuma da ciki take."

Ya durƙusa. "Zan kawo miki, Inna. Wallahi zan kawo."

Sai wani ya ce an kira 'yan sanda. Kafin mu ankara su Sale sun kwashi yaransu sun faɗa adaidaita sahu. Ko sunan ƙauyensu ba mu sani ba.

Alhaji ya rufe gidan har sai da maƙera suka gama ragar saman ramin. Allon gargaɗin da yake wurin da boko aka rubuta shi, yawancin masu zuwa mana kuwa makarantar allo suka yi. Na samo katako na rubuta wani da ajami, da manyan baƙaƙe. Majanyin na ciro shi washegari da sanda mai ƙugiya, na wanke, na ajiye a ɗakin kayan aiki.

Maganar akuya kuwa ta ƙi ƙarewa. Alhaji ya aiko wa Inna da kuɗinta, ta mayar, ta ce ita ba ta sayar da akuya ba. Na jawo wata daga gidana na kawo mata, tunda ni na yanke igiyar. Ta ce, "Malam Isuhu, mayar da abarka. Kai ka zura yaro a rami? Wanda ya ce zai kawo yana nan da ransa. In ya mutu za mu ji."

Ta hana a cire turken. Guntuwar igiyar da na yanke tana jikinsa, rana ta ci ta, damina ta ci ta. Ba ta sake sayen ko ɗan akuya ba. Tanko mai gadi yakan tsokane ta ya ce, "Inna, turken nan bai haihu ba har yanzu?" Ita kuma ta ce, "Saura kaɗan. In ya haifi bunsuru sunanka zan sa masa." Shekaru suka yi ta wucewa a haka. Ni dai na cire rai, ban ɓoye muku ba.

Bayan Ƙaramar Sallar nan da ta wuce, wata safiya ina tura baro zuwa juji, na ga mutum a tsaye a bakin ƙofa ya ƙi shigowa. Ya rame, furfura ta fara fito masa. A gabansa akwai yaro da ya isa makaranta, sanye da wasu takalma masu tauri har idon sawu, yana riƙe da igiyar jar akuya. Yaron ya tako ya shigo. Yana ɗan jefa ƙafar hagu, amma da kansa yake tafiya, akuyar ce ma take ƙoƙarin cim masa.

Na ajiye baro. Sale ya durƙusa ya gaishe ni. Ya ce sun yi ta zuwa asibiti, daga nan Dutse aka tura su Kano, aka yi ɗauri, aka yi aiki, aka sake ɗauri. Abin da ya noma duk a hanya ya ƙare. Ya ce akuyar tun tana 'yar ƙarama ya saye ta ya ajiye, ya yi alkawari ba zai kawo ta ba sai Nasiru ya jawo ta da ƙafarsa.

Na ce, "Alhamdu lillahi. Mutanen garinku sun ga ikon Allah."

Ya sunkuyar da kai. "Baba, abin da na zo in gaya maka ke nan. A garinmu cewa ake yi kura ce. Na nuna musu tabon aikin, na nuna musu takalman, sun ce ai sai da ya shiga ramin tukuna. Har Iya haka take cewa. Akwai gida biyu da suke shirin zuwa da yaransu da Babbar Sallah."

To, kun ji dalilin da ya sa na ce wa Alhaji a ƙaro mutane bana. Ɗayanku zai tsaya a ramin Ladi daga buɗewa har rufewa. Ba zai je raba biri da mayafi ba, ba zai je shan ruwa ba sai wani ya karɓe shi. Raga tana da ƙofar zuba abinci, kuma yaro yana iya wucewa ta cikinta. Idan kuka ga goyon da ya yi girma da goyo, ku gaishe da iyayen da mutunci, ku rako su wajen Inna Laure. Ta fi mu iya yi musu magana.

Ranar dai, muna tsaye da Sale, Inna ta taso daga wajen ƙwaryarta. Ta dubi yaron daga takalmi har kai, ta ce masa ya je gindin darbejiya ya dawo. Ya je ya dawo. Ta ce ya sake. Ya sake, yana dariya. Sannan ta karɓi igiyar, ta buɗe bakin akuyar ta duba haƙora, ta ɗaga ƙafafunta ɗaya bayan ɗaya.

Ta ce, "Tawa da ciki take."

Sale ya ce, "Taɓa ki ji, Inna."

Ta sa tafin hannu a gefen cikin akuyar, tana saurare. Can sai ta miƙe, ta je ta kwance ruɓaɓɓiyar igiyar da take jikin turken, ta jefa mini a baro. Ta miƙa wa Nasiru sabuwar ta ce, "Zo ka ɗaure ta da hannunka. Ka ƙulla da kyau, kada ka yi irin ƙullin ubanka."